Babu Komai a Ƙirjinsa

"Ja numfashi. Riƙe."

Ta danna maɓalli daga bayan gilashi, na'urar ta yi ƙara, ta yi shiru. Shekara goma sha ɗaya tana ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi a asibitin nan, yau ne ta fara ɗaukar ɗan gidansu.

Wata biyu ke nan da dawowar Auta. Yana ɗan shekara shida ya ɓace a tashar mota, aka yi cigiya har aka gaji. Sai ga shi bayan shekara ashirin, da gemu, da tabo a bayan kunne. Mama tana shafa tabon ta zube tana kuka. Tun ranar ita ke zuba masa abinci, shi ke ba ta maganinta. Makullin gida ma ya koma aljihunsa.

Tari ne ya ƙi barinsa. Sau uku tana cewa ya zo a duba, yana zillewa, sai da Mama ta sa baki.

Ya fito yana gyara riga. "Yaya, kin hango abin da na ci da safe?" Ya yi dariya. "Bari in wuce, yau ni zan ɗauko miki 'yarki daga makaranta."

Ƙofa na rufewa hoton ya bayyana a allo. Ta duba. Ta ƙara haske, ta matso da kujera.

Ta kira likita. Sai bayan rabin awa ya zo, ya leƙa ya ce, "Huhu fes, zuciya ƙalau. Babu komai a ƙirjin nan."

"Likita, robar da ake dasa wa mutum a jiki, tana iya ɓuya a hoto?"

"Ina! Da gangan ake cuɗa ta da wani farin sinadari don ta fito. Ko ta shekara talatin, ko ta tsinke, za ki ga layinta."

Ta lalubo waya ta kira makaranta. Malama ta ce, "Ai kawunta ya ɗauke ta yanzun nan."

Da idonta ta ga an fito da Auta daga tiyata yana ɗan wata takwas. An zura masa roba daga bayan kunne, ta bi ƙirji har ciki, don janye ruwan da ke taruwa a kansa, aka ce da ita zai ƙare rayuwarsa. Mutumin da ya tafi da 'yarta tabon kawai gare shi.