Ranar da Inna Ta Gwada Murhun Ƙarfe

Har yau ina jin ƙarar muciyar nan a cikin tukunyar da babu komai.

A wata shekara itace ya yi wuya a ƙauyenmu, karan dawa ma ya ƙare tun kafin damina. Sai ga Baba daga kasuwar Bici da murhun ƙarfe biyu a bayan keke, dogo da gajere. Mai su ya ce a zaɓi ɗaya a mayar da ɗaya. Baba ya jera su a tsakar gida yana ta yabo: "Inna, ba ya cin itace, kuma babu hayaƙi."

Inna, kakarmu, ta aike ni na ɗauko babbar tukunyar tuwo da muciya. Ta ɗora a kan dogon, babu wuta babu ruwa, ta gyara ɗaurin zani, ta hau tuƙi iya ƙarfinta. Murhu ya kife, tukunya ta gangara ta tarwatsa kaji. Gajeren kuwa ja da baya ya riƙa yi, Inna na bin sa a durƙushe har bakin rumbu.

Ta miƙe tana haki, ta dubi Baba. "Kai, tuwo zan tuƙa ko murhu zan kora? Wannan na shayin gwauro ne." Ta koma kan duwatsunta uku.

Yanzu da gas nake girki a Ungogo. Ranar da na sayo shi, sai da na rufe ƙofa, na ɗora tukunya babu komai, na tuƙa. Ya motsa. Allah ya jiƙan Inna, na shayi ne.