Lomar Baba a Hanyar Djougou

Ina da shekara tara ranar da aka sallami Baba daga asibiti a Parakou, aka ce ya koma gida Djougou. Kwana huɗu bai haɗiyi abinci ba. Inna tana jego a gida, ta aiko cewa in dai ya ci, zai tashi.

Bayan azahar motarmu ta tsaya a wani ƙauye. Baba tsohon direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ba ya zaɓen wurin cin abinci don kyan kujeru. Sai rumfar da ya ga buta da tabarmar salla, sannan ya tambaya wa ya yi yanka. Muka wuce rumfa uku yana dafe da kafaɗata, kafin ya ce, "Nan."

Tsohuwa mai abincin ta gane shi. "Direba! Rowa ce ta ramar da kai haka?"

"Rashin sakwararki ne, Iya."

Ta kawo sakwara da miyar gyaɗa. Har yau ina jin ƙamshin gyaɗar nan da hayaƙin itace. Ya yi bisimilla, ya yanko loma, ya dangwala. Ta kai leɓensa ta tsaya. Sai ya juyo da ita bakina.

"Ci, uwata. Ke ce mai sauran tafiya."

Muna isa Inna ta ja ni ɗaki. "Ya ci?"

Na ce ya ci. Ta yi hamdala, ta sa aka yanka masa kaza. Ran Juma'a aka kai shi makwancinsa. Har gobe ina neman gafarar ƙaryar nan a sujada, amma da za ta sake tambayata, haka zan ce.