Murhun da Lyle Ya Zaɓo

"Ku ƙara turawa hagu," in ji Lyle, maƙwabta biyu suna nishi da murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki da ya sayo na hannu a garin Deloraine. Matarsa Noeleen tana tsaye da kofin shayi. Wata biyu ke nan tana share shi, tun ranar da hukuma ke kwashe tarkace, da ya fitar da murhun marigayiya mahaifiyarta bakin titi, wai ya tsufa. Kafin ta dawo daga aiki wani ya yi gaba da shi.

"Dubi sabon fenti, uwargida. Wannan shi ne murhu, ba wancan gwangwanin ba."

"Na gani."

Ya haɗa bututun hayaƙi, ya jera itace, ya kunna wuta. Sai ƙofar murhun ta ƙi rufuwa. Ya danna, ya girgiza, ya zage ta. Hayaƙi ya turnuƙe falo, maƙwabta suka buɗe taga, sanyin Yuli, tsakiyar hunturu a ƙasarsu, ya shigo.

Noeleen ta daɗe tana kallon ƙofar nan. Can ta ajiye kofin, ta ɗan ɗaga mariƙin, ta hauri kusurwar ƙasa sau biyu da dunduniya, yadda mahaifiyarta ta koya mata tana 'yar shekara tara. Ƙofar ta rufe ruf.

Lyle ya sake duban murhun: ashe na surukarsa ne aka shafa wa fenti.

"Ka iya zaɓe, sarkin ciniki," ta ce. "Matsa in ɗora ruwa. Gefen dama ya fi saurin tafasa."