Ƙamshin Daddawa

"Yau miyar nan ko daddawa babu," in ji maigidan, ya ture kwanon yana tari.

Shekara arba'in matarsa tana kaɗa masa miyar kuka bai taɓa kushewa ba. Ta buɗe baki za ta rama ke nan, sai 'yarsu, ma'aikaciyar jinya da ta zo daga Bici, ta tari numfashinta.

"Inna, ba laifin miyarki ba ne. Ga zazzaɓi, ga tari, ga hanci ya daina jin ƙamshi. Alamun korona ne, kuma ta numfashi ake ɗaukarta."

Gwaji ya tabbatar. Aka keɓe shi a ɗakin da ke kusa da rumbu, 'yan dubiya suka riƙa tsayawa a zaure. Matar kuwa kullum sai ta ɗaura takunkumi, ta ajiye kwano a bakin ƙofa, ta koma ta wanke hannu da sabulu.

Kullum kwanon sai ya dawo an yi loma biyu, babu yabo babu ƙorafi. Kullum ita kuma sai ta ƙara daddawa a tasa miyar.

A rana ta goma sha biyu, tana cikin surfe, ta jiyo muryarsa.

"Hajiya! Wai daddawar kasuwar Kunci kaf kika juye a miyar nan? Wa zai iya ci?"

Ta saki taɓarya, tana dariya hawaye na zuba.

"Ƙara faɗa, Malam, ban ji ba."