Furen da Ya Ta da Na'urar Inna Tabawa

Tun da aka kafa wa kowane gida na'urar tace iska a Kafanchan, hancin mutane ya mutu, ba wari ba ƙamshi. Na Inna Tabawa ma ya mutu, amma ba ta fasa rainon furenta na okid ba. Ba ya son ƙasa, sai ta dasa shi cikin ɓawon kwakwa da gawayi, tana yayyafa masa ragowar ruwan alwala.

Maƙwabciyarta Jummala takan ce, "Inna, wahalar banza kike. Wa zai shaƙa?"

Ran Laraba da hantsi furen ya buɗe, fari tas. Tabawa ta kai hanci, ba ta ji komai ba.

Sai na'urar tace iskar da ke bango ta yi ja, ta ce, "An gano baƙon abu a iska. A fitar da shi."

Jummala ta shigo da sauri. "Inna, jefar da shi kafin jami'an hukuma su iso."

Tabawa ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta jawo kujera gefen furen.

"Bar su su zo, 'yar nan. Duk unguwar nan, gidan wa ya taɓa ƙamshin da hukuma ta ji?"