Hatimin da ke Ƙarƙashin Kujera

Dillalin ko kallon fentin motar bai yi ba. Ya haska lambar inji da tocila, ya gwada ta da ta jikin mota, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce yana neman izinin cire kujerar baya. Nan gaban Hajara ya faɗi.

Kwana tara ke nan da fitarta takabar mijinta Falalu. Burinta ɗaya, wannan mota ta bar garejinsu na unguwar Treichville, ta daina ganinta har abada.

Mota ce kuwa ta gani ta faɗa. Dodge Daytona ƙirar 1969, ja, mai dogon hanci da wani fiffike a baya, irin wadda 'yan ɗaruruwa kawai aka ƙera. Falalu da ƙaninsa Siddiƙ, masu sayar da kayan gyaran mota a unguwar Adjamé, su suka haɗa hannu suka saye ta daga wajen wani tsohon Ba'amurke. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, 'yan asalin Maraɗi, a kwano ɗaya suke cin abinci har furfura ta fara fito musu. Makulli biyu, kowa da nasa. Falalu bai yarda a taɓa komai nata ba. Ko kujerun da suka tsage, mai ɗinki ya yi naci har ya gaji, ya ce a bar masa kayansa yadda suka zo.

Shekara biyu da suka wuce, a cikin motar nan aka tsinci Falalu, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Bayan sati uku da faruwar haka Hajara ta shiga share motar. Tsintsiya ta jawo gefen wata takarda daga ƙarƙashin kujerar baya, can cikin wayoyin ƙarfen da ke riƙe soso. Tsohuwar takarda, ta yi ja, an cusa ta inda ido ba ya kaiwa. Gida-gida ne a jere, kowane gida da lamba ko harafi. Hajara ba ta yi boko ba, amma ai ta san hatimi in ta gan shi. Maƙwabciyarta Tabawa na gani ta dafe ƙirji.

"Sammu ne wannan, Hajara! Da rubutun Nasara aka yi shi don kada a gane. Wa ke da makulli ban da mijinki?"

A ranar Hajara ta cinna wa takardar ashana. Ta shiga ɗaki ta gaya wa Falalu abin da ta gano da abin da ta yi. Bawan Allah ya yi ta girgiza kai, yana kokawa da harshensa, hawaye na gangarowa har cikin kunne. Wayyo, cin amanar ɗan'uwa akwai ciwo! Ta share masa fuska, ta ce ya kwantar da hankalinsa, ba mai sake cutar da shi tana raye.

Da Siddiƙ ya zo da la'asar ɗauke da ayaba da magani, a bakin ƙofa ta tare shi. Ta ce abin da ya binne a mota ya tonu. 

"Yaya Hajara, me na binne? Kawo Alƙur'ani in dafa."

Ta rufe ƙofa. Ya dawo washegari, ya dawo da dattawan unguwa, ya dawo ranar Sallah. Wata ashirin cur yana sintiri tsakanin Adjamé da Treichville, ƙofar nan ba ta buɗu ba. Falalu kan ji muryarsa ya kama gunji yana miƙa hannunsa mai lafiya wajen ƙofa, ita kuwa ta riƙe hannun ta ce, "Kada ka ji tsoro, ba zai shigo ba." Haka ya cika bai sake ganin ƙaninsa ba. Ranar jana'iza Siddiƙ ya aiko da makullinsa, ya ce ya bar wa marayu rabonsa. Hajara ta ce a ranta, kunya ce ta kama mugu.

Tana kewar mijinta, kewa mai cin rai. Abin da ke riƙe da ita a tsaye kawai shi ne ta san ta kare shi iyakar ƙarfinta.

Yanzu ga wannan baƙo, Shamsuddin, mai saya wa attajiran ƙetare tsofaffin motoci, ya kife kujera a ƙasa. Bai laluba dama ba, bai laluba hagu ba. Kai tsaye ya zura yatsunsa cikin wayoyin nan, daidai wurin. Hajara ta matso kusa da shi. Wa ya gaya masa? Mutum uku ne suka san wurin: ita, Tabawa, da wanda ya sa. Ashe har yau mugun bai haƙura ba, ɗan aike ya turo!

"Me kake nema a nan?" ta tambaya. "Siddiƙ ne ya aiko ka?"

"Wane ne Siddiƙ, Hajiya?" Ya karkaɗe hannunsa, ya ciro wayar salularsa, ya juyo mata da wani hoto. "Irin wannan nake nema. Ba ku taɓa ganinta ba?"

Gida-gida a jere, kowane gida da lamba ko harafi. Ita ce sak.

"Takardar ƙira ce," in ji shi. "Injin mota, launinta, kujerunta, duk a rubuce. Alhaji Falalu tabbas ya san da ita, shi ya sa bai taɓa kujerun ba. Ma'aikatan kamfani ne ke cusa ta a nan da hannunsu ranar da suka haɗa motar."

Hajara ta zame ta zauna a ƙasan gareji. Ranar da aka haɗa motar nan, ko haihuwar Siddiƙ ba a yi ba.