Teburin Tagar Hagu

"Inna, kyaftin da kansa ya gayyace ki teburinsa," in ji shugaban masu hidimar jirgin ruwan. "Ba a ƙin wannan."

"Yau za a fara, ɗana. Tun hunturu na kama teburin tagar hagu. Zubo min jar giyar inabi, ka sirka da ruwa irin na mutanenmu."

Ya zuba yana ƙunƙuni.

Rana na faɗuwa jirgin ya gifta tsibirin su Inna da ke yankin Dalmatiya a Turai. Can bakin gaɓa ga maigidanta, dattijon da ya rantse ba zai bar awakinsa ba, ya fito da tebur, sanye da kwat ɗin aurensu, kofi a sama.

Ta ɗaga nata. "Gaya wa kyaftin an riga shi."